Rancen Wata 12 Ba Ya Sayen Injin Shekara 4

Assalamu alaikum, Malam. Na shekara 14 ina sarin kayan roba, bokitai da baho da kujeru, kuma shekara 3 da suka wuce na kafa ƙaramar masana'anta, ina ƙera wasu daga cikinsu da kaina tare da ma'aikata 11. Injina ɗaya ne kuma ya tsufa, har nakan mayar da oda saboda ba zan iya cikawa ba. Na samu sabon inji a ƙasar waje wanda zai ninka abin da nake fitarwa, kuma lissafina ya nuna zai mayar da kuɗinsa cikin shekara 4. Banki na farko da na je ya ƙi ni, suka ce takarduna ba su nuna cinikin da nake faɗa ba. Na biyu ya yarda, amma rancen na wata 12 ne, sai su sabunta idan sun ga dama, kuma suna son takardun gidan da nake zaune da iyalina. Ma'aikacin da ke bibiyata ya ba ni shawarar in karɓa da dala, tunda kuɗin ruwanta ya fi sauƙi. Yayana ya ce duk wanda ya ci bashin banki ya shiga uku, maiɗakina kuwa ba ta san da maganar gidan ba tukuna. Ni kaina zuciyata ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba. Mai injin ya ba ni wata ɗaya in yanke shawara. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Zan fara da amsar kai tsaye, domin wa'adin da aka ba ka gajere ne: kada ka sa hannu a kan wannan tayin yadda yake a yanzu. Burinka na sayen inji daidai ne, kuma mutumin da oda ta fi ƙarfinsa shi ne ya fi cancantar faɗaɗa masana'anta. Aibin yana ga irin kuɗin da aka miƙo maka, domin kai da bakinka ka ce injin zai ɗauki shekara 4 kafin ya mayar da kuɗinsa, alhali masu kuɗin suna son abinsu bayan wata 12.

Rancen da bankuna ke bai wa 'yan kasuwa iri biyu ne a asali, kuma kowanne da inda ake biyansa. Akwai rancen ciniki, wanda ɗan kasuwa ke karɓa ya sari kaya, ya sayar, ya mayar da uwar kuɗin daga cikin kuɗin kayan nan da ya sayar, ribar ta zama tasa. Irin wannan rancen kayan ne ke biyan kansu, shi ya sa wa'adinsa ba ya wuce 'yan watanni ko shekara ɗaya. Sai rancen kafa abin sana'a, kamar inji ko gini ko motar ɗaukar kaya, wanda ba a sayar da abin da aka saya da shi, sai dai a riƙa tatsar riba daga aikinsa shekara bayan shekara har a gama biya. Shekara 14 da ka yi kana sari sun saba maka da nau'i na farko, kuma ina zaton shi ya sa wata 12 bai ba ka tsoro ba, domin a harkar sari wata 12 lokaci ne mai tsawo da za a juya kuɗi sau da yawa a cikinsa. A harkar ƙere-ƙere kuwa, kuɗin da ya shiga ƙarfe ya kwanta ke nan, da kaɗan-kaɗan yake fitowa.

Ka zauna ka bi watannin nan 12 ɗaya bayan ɗaya. Za a biya kuɗin inji, a loda shi a jirgin ruwa, ya iso tasha, a fanshe shi daga kwastam, a kai shi masana'anta, a gina masa mazauni, a ja masa wuta, a koya wa ma'aikata sarrafa shi, sannan a yi ta gwaji har kayan su fara fita yadda masu saye ke so. Ba abin mamaki ba ne wannan ya cinye wata 4 ko 6, kuma duk tsawon lokacin kuɗin ruwa yana hawa. Ko da komai ya tafi daidai tun ranar farko, lissafinka ya nuna kashi ɗaya bisa huɗu kawai injin zai mayar a shekara. Ranar da wa'adi ya cika, sauran kashi uku za su fito ne daga wuri ɗaya cikin biyu: ko dai ka kwashe jarin da kake juyawa ka biya, sai sabon inji ya tsaya babu ɗanyen kayan da za a zuba masa, ko kuma a waiwayi gidan. Maganar sabuntawa kuwa, kai ma ka faɗi sharaɗinta, wato idan sun ga dama. Alkawarin baki na ma'aikaci ba ya ɗaure banki, domin ana iya yi masa canjin wurin aiki, kuma kwamitin da ke amincewa da rance yana iya sauya ra'ayi a kan duk masu sana'arka gaba ɗaya ba tare da ka yi laifin komai ba. Idan ma tayin irin wanda ake barin mutum ya ciri fiye da abin da ke asusunsa ne, wanda suke kira obadiraf, to galibi a rubuce yake cewa banki na da ikon neman kuɗinsa duk ranar da ya so.

Ina so ka fahimci dalilin da ya sa suke haka, domin fahimtar za ta taimake ka idan ka koma teburin ciniki da su. Mafi yawan kuɗin da bankin kasuwanci ke rantarwa na masu ajiya ne, waɗanda ke iya zuwa gobe da safe su ce a ba su abinsu, don haka yakan yi ɗari-ɗari da ɗaure shi na shekaru. Ga kuma ƙa'idojin da ke kansa. Tun yarjejeniyar da aka cimma a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1988, wadda ta nemi banki ya riƙe jarinsa na kansa da bai gaza kashi 8 cikin 100 na kadarorinsa masu haɗari ba, kowane rance yana cin wani yanki na jarin masu bankin. Kuma a ƙa'idar da aka fi bi a duniya, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya kasonsa ba ana lissafa shi cikin gurɓatattu, sai banki ya ware kuɗi daga ribarsa domin cike gurbinsa. Wannan ne ya sa fuskar da ta tarbe ka da fara'a ranar bayarwa takan sauya a wata na uku na jinkiri. Yayanka ya ga waɗanda hakan ta faɗa wa, kuma tsoronsa na ƙauna ne, ka gode masa. Sai dai bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma manyan masana'antun duniya kaɗan ne aka gina ba da shi ba. Waɗanda ya kayar, mafi yawansu sun karɓi na gajeren wa'adi ne suka binne shi a abin da ba ya dawowa da wuri.

Akwai wani rami da ban ga ka ambata ba, kuma shi ya fi kama masu masana'antu. Injin da zai ninka abin da kake fitarwa zai ninka ɗanyen kayan da kake saya, da kuɗin wuta, da kayan da ke jibge a sito, da bashin da 'yan sari ke ɗauka a wurinka. Ka ƙirga kwanakin da kuɗinka ke yi a waje kafin ya dawo. A ce ɗanyar roba tana kwana 30 a sito kafin a narka ta, aiki ya ci kwana 10, kayan da aka gama su yi kwana 20 kafin a ɗauka, 'yan sari su biya bayan kwana 45, su kuma masu ba ka ɗanyen kaya suna ɗaga maka ƙafa na kwana 15 kawai. Idan ka haɗa ka cire, kuɗinka yana kwana 90 a waje, wato kullum kuɗin aikin wata uku yana hannun wasu ko yana kwance a sito. Ranar da ka ninka aiki, wannan tarin ma sai ya ninku, kuma dole ya fito daga wani wuri tun kafin ribar farko ta shigo. Saboda haka buƙatunka biyu ne: rance mai dogon wa'adi na inji, wanda za a biya kashi-kashi cikin shekara 4 ko 5 tare da 'yan watannin sassauci a farko kafin a fara biyan uwar kuɗi, da kuma ƙaramin rance mai juyawa na ɗanyen kaya. Tayin wata 12 da ke hannunka ya dace da buƙata ta biyu, a can ne amfaninsa yake.

Shawarar karɓa da dala kuwa, ka ajiye ta gefe, sai fa idan da dala kake sayar da kayanka. Sauƙin kuɗin ruwan da aka nuna maka na gaske ne a takarda, amma wanda ke samun kuɗin gida yana biya da na waje ya ɗora wa kansa duk wata faɗuwar darajar kuɗin ƙasarsa. Kamfanonin Tailan sun ɗanɗana wannan a 1997. Sun ci bashin dala da yawa saboda arharsa, suna ciniki da kuɗinsu na bat, sai gwamnati ta saki farashin canji a watan Yuli na shekarar, kuma kafin wata 7 bat ya rasa kimanin rabin darajarsa. Bashin da ke kansu ya ninku a kuɗin gida ba tare da sun ƙara cin ko sisi ba, kuma da yawa daga cikinsu masana'antu ne masu lafiya da kasuwa a hannu. Idan farashin injin da dala ne, ka ranci kuɗin ƙasarka, a canja a biya sau ɗaya, haɗarin canji ya ƙare a ranar.

Bankin da ya ƙi ka, ni a ganina ya fi yi maka amfani, domin ya gaya maka gaskiyar da kake buƙata. Ba ƙarya ya ce ka yi ba, cewa ya yi takardu ba su nuna ba, kuma ina kyautata zaton kuɗin sari da na masana'anta da na cefanen gida duk a aljihu ɗaya suke haɗuwa, wani ciniki kuma ba ya bi ta asusu sam. Ma'aikacin rance ba ya iya kai wa kwamitinsa cikar sito ko yawan masu zuwa ƙofarka, abin da yake kaiwa shi ne bayanin shige da ficen asusu na wata 6 zuwa 12, da lissafin riba da asara, da jerin waɗanda kake bi da masu binka, da shaidar rajista da biyan haraji. Ka buɗe wa masana'anta asusunta daban, ka yanka wa kanka albashi, kowane ciniki ya bi ta asusu, ka ɗauki akanta ko da na wucin gadi ne ya tsara maka shekarun nan 3. Wannan aikin kai zai fara amfana, domin sau da yawa idan aka raba lissafi sai a tarar sari ne ke ɗauke da masana'anta ba a sani ba, ko akasin haka. Daga nan ka yi awon da su ma za su yi: kuɗin da ke saura a hannu kowane wata bayan an biya ɗanyen kaya da albashi da wuta da gyara da haraji, a gwada shi da kason bashi na wata. Bankuna da yawa suna son ragowar ta kai ninki 1.25 na kason, wato idan za ka biya 100, ya zamana kana da 125. Ni zan ƙara maka da cewa ka sake lissafin a kan cewa ciniki ya ragu da kashi ɗaya bisa huɗu, ɗanyar roba ta yi tsada, inji ya tsaya wata guda ana jiran kayan gyara. Idan har a hakan kana iya biya, to rancen ya dace da kai.

Ka kuma nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, domin adadin da ake faɗa da baki yakan ɓoye abubuwa. Kashi 15 cikin 100 da aka lissafa a kan dukan uwar kuɗi na tsawon shekara, alhali kana biya wata-wata, ya kai kimanin kashi 27 idan aka auna shi da abin da ya rage a hannunka, tunda kana biyan ruwa a kan kuɗin da ka riga ka mayar. Ka tambaya ko adadin tsayayye ne ko yana bin kasuwa, nawa ne kuɗin sarrafa takardu da na kimanta kadara da na inshora, nawa ne tarar jinkiri, kuma ko akwai tara idan ka biya kafin lokaci. Lauyanka na kanka ya karanta yarjejeniyar, ya duba musamman ko jinginar ta tsaya ga wannan rance kaɗai ko ta rufe duk wani bashi da za ka ci a bankin nan gaba.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi a wasiƙarka, Alhaji, ita ce ta gida da maiɗakinka. Gidan da iyali ke kwana a ciki ba kamar fili ko rumbun ajiya ba ne, domin idan ya tafi, waɗanda ba su zauna teburin ciniki ba ne za su fara ɗaukar kaya a ka. Ko da takardun da sunanka kaɗai suke, tana da hakkin ta sani kafin a yi, kuma jin labarin daga bakin masu kimanta kadara ko daga takardar gargaɗi zai yi wa amanar da ke tsakaninku raunin da biyan bashi ba zai warkar ba. Ka zaunar da ita a wannan makon, ka nuna mata lissafin da abin da zai faru idan ya ƙi, ka saurari abin da za ta ce. Cewa har yanzu ba ka iya gaya mata ba, ni alama ce a wurina ta cewa zuciyarka ma ba ta gamsu da tayin ba. Kafin a kai ga gida akwai abubuwan jingina da ya kamata a fara ƙarewa da su: injin kansa, da tsohon injin, da kayan sito, da bashin da manyan 'yan sari ke riƙe da shi, da wata kadara da ba a zaune a cikinta. Banki zai rage wa injin daraja sosai, domin ya san idan ya ƙwace shi da wuya ya samu mai saye da farashi mai kyau, don haka yakan nemi mai rance ya zuba wani kaso na kuɗin daga aljihunsa. Wannan ya fi maka alheri a kan miƙa gida. Ka kuma lura da takardar tsayawa da kai, wadda mai kamfani ke sa hannu cewa dukiyarsa ta kansa za ta biya idan kamfani ya gaza, domin ta wannan ƙofar ana iya isa ga gidan ko da ba a karɓi takardunsa ba.

Rashin kwanciyar zuciyarka game da kuɗin ruwa abu ne da nake girmamawa, kuma buƙatarka tana cikin waɗanda bankunan da ba sa hulɗa da ruwa suka fi iya biya, tunda kaya ne na zahiri kake nema. Wannan tsari ya daɗe da kafuwa: Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara aiki a Jidda a 1975, kuma tun 1991 akwai hukumar AAOIFI a Bahrain da ke tsara ƙa'idojinsa. A murabaha, banki ne zai sayi injin ya mallake shi, sannan ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi, kuma farashin da aka yanke ba ya ƙaruwa. A ijara, injin na banki ne kana biyan haya, a ƙarshe a mallaka maka. Idan sai an ƙera injin bisa oda ne, akwai istisna'i, ga kuma musharaka inda za su shigo da jari a raba riba da asara. Kada dai ka ɗauka hakan ya fi arha ko ya fi sassauci, domin su ma za su nemi takardu da jingina, kuma abin da ka ɗauka bashi ne da dole a biya a kan lokaci. Ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki yarjejeniyar kanta ya duba, musamman ya tabbatar bankin ya mallaki kayan kafin ya sayar maka.

Kuɗi mai dogon wa'adi yana da wuraren da ake nemansa. Ƙasashe da yawa sun kafa bankunan raya masana'antu saboda wannan giɓin da ka faɗa ciki, kamar KfW na Jamus da aka kafa a 1948 da BNDES na Brazil a 1952, kuma sau da yawa irin waɗannan ta hannun bankunan kasuwanci suke miƙa kuɗinsu, don haka ka tambayi bankunan nan biyu ko suna da irin wannan layin. Akwai kamfanonin da sana'arsu ba da hayar injuna ce, su injin ne jinginarsu. Shi ma mai sayarwa ka tambaye shi ko zai karɓi wani kaso yanzu, saura a kan lokaci. Kowace hanya ka bi, kada ka tura dukan kuɗin ga wanda ba ka taɓa hulɗa da shi ba. A yi ta takardar lamunin banki, inda ba za a biya shi ba sai ya gabatar da takardun da ke nuna ya loda kayan. Ƙa'idojin da ke tafiyar da ita, UCP 600 na Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da suka fara aiki a 2007, sun fayyace cewa takardu banki ke dubawa, kaya ba ruwansa da su, saboda haka ka sa sharaɗin shaidar mai duba kaya mai zaman kansa kafin lodi, kuma a riƙe wani kaso sai an kafa injin ya yi aiki.

Wata ɗayan da mai injin ya ba ka wa'adinsa ne na ciniki, kuma masu ƙera irin wannan inji suna da yawa. Ka rubuta masa ka nemi ƙarin wata 3, ka nemi farashi daga wasu biyu, ka tambayi kowannensu inda ake samun kayan gyara da wanda zai zo ya kafa. Kafin nan ka duba ko ƙara zangon aiki na dare, ko yi wa tsohon injin babban gyara, ko bai wa wata masana'anta aikin wani ɓangare na odar zai riƙe maka masu sayenka, kuma ka roƙi manyan cikinsu su rubuta odarsu a takarda, domin oda rubutacciya tana da nauyi a gaban kwamitin rance. Idan akanta ya gama, ka koma bankin farko da lissafin a hannu, ka ce musu rance kake nema na shekara 4 ko 5 a kan injin, da kuɗin ƙasarka ba dala ba, da watannin sassauci a farko, ga kason da za ka zuba daga aljihunka. Na biyun kuma ka ce musu kana son a rage tayinsu ya koma na ɗanyen kaya kaɗai, a jingine shi da kayan sito da bashin 'yan sari, a cire gidan daga maganar. Allah ya sa a dace, ka gaida Yaya da maiɗaki.